Shekarun da Aka Ƙara Mini

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-11, Littafin Firistoci 13:1-8



Sau biyu na tsaya a gaban ikkilisiya domin in yi magana a kan jikina. A karo na fari na ba da shaida cewa Allah ya warkar da ni daga ciwon dajin ƙoda, aka yi guɗa, aka yi rawa. Bayan shekaru 6 na sāke tsayawa a kan bagaden nan, na gaya wa jama'ar nan cewa ciwon ya dawo. Abin da na koya tsakanin tsayuwar nan biyu shi nake so in ajiye a gabanka, ko kai ne mai jinya, ko kuwa kana da wani a gida wanda aka yi wa aiki aka ce ya riƙa komawa asibiti.

Ina da shekaru 44 sa'ad da na ga jini a fitsarina, wata safiya bayan na dawo daga aikin bishara a ƙauye. Ba zafi, ba zazzaɓi. Na ce a raina tsargiya ce, irin wadda muka sha fama da ita muna yara saboda wankan kududdufi. Kwana biyu jinin ya ɗauke, na manta da shi. Da ya sāke zuwa, uwargidana ta ƙi yarda in sayi magani a kemis, ta raka ni asibiti. Hoton ciki ya nuna ƙari a ƙodata ta hagu. Likita ya zaunar da mu ya ce wannan ciwo yakan daɗe yana girma shiru, kuma mutane da yawa ba a gano nasu sai an je ɗaukar hoto domin wata damuwa dabam. Ya ce babban maganinsa tiyata ne. Aka cire ƙodar ɗungum, aka bar mini tabo mai tsawo a kwiɓi, aka kuma ba ni kati.

Katin nan ya zama kalandata. Da fari kowane wata 6 nakan koma, a gwada jini a ga yadda ƙodar da ta rage take aiki, a ɗauki hoton ƙirji da na ciki. Daga baya aka mai da shi sau ɗaya a shekara. Na koyi yin mamakin aikin Mahalicci: kowace ƙoda ba ta wuce girman dunƙulen hannu ba, amma tana ɗauke da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, kuma idan aka cire ɗaya, 'yar'uwarta takan ƙara girma ta ɗauki nauyin aikin. Aka gargaɗe ni in rage gishiri, in lura da hawan jini, in guji shan magungunan kashe zafi barkatai da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Na kiyaye duka.

Da shekaru 5 suka cika ba a ga kome ba, muka yi sujadar godiya. Zumuntar Mata suka fito da anko, suka kaɗa tuluna, aka yanka akuya, aka dafa shinkafa har maƙwabtanmu Musulmi suka sami rabo. Na hau bagade na ce Ubangiji ya gama aikinsa, ciwon ya tafi ba zai komo ba har abada. Jama'a suka amsa da Amin mai ƙarfi.

Likitan bai faɗi haka ba. Abin da ya ce shi ne, “Baba Fasto, mun gode wa Allah, amma wannan ciwo yana da dogon numfashi. Ka ci gaba da zuwa kowace shekara.” Na je a shekara ta 6. Daga nan ban sāke zuwa ba.

Dalilan da na riƙa ba mutane suna da yawa: nisan hanya, tsadar hoto, kuɗin makarantar yara, ginin majami'a da ke gabanmu. Akwai gaskiya a cikinsu, amma ainihin dalilin yana ƙarƙashinsu. Na riga na faɗa a gaban jama'a cewa an gama, sai na ga kamar komawa layin asibiti ƙaryata bakina ne. Ina kuma jin tsoro. Duk wanda ya taɓa zama a benci yana jiran sakamakon gwaji ya san yadda cikinsa yake ɗurar ruwa. Na gaji da wannan zama, sai na yafa wa tsorona rigar bangaskiya, na sa masa suna dogara ga Allah. Uwargidana ta yi magana sau da yawa. Da ta ga ba na ji, ta ɗauki katin ta sa shi a cikin Littafin Waƙoƙinta, ta yi shiru.

A shekara ta 11 bayan tiyata, da hunturu, na kamu da busasshen tari. Na ɗora laifin a kan ƙura. Hunturu ya wuce, tari bai wuce ba. Numfashina ya fara gazawa a tsakiyar wa'azi, wandona ya yi mini yawa. Aka gwada kakina domin tarin fuka, ba a sami kome ba. Wata ranar Litinin da asuba uwargida ta ajiye katin nan a kan Littafina Mai Tsarki, ta ce, “Maigida, yau ba roƙonka nake yi ba. Tashi mu tafi.”

Hoton ƙirji ya nuna ƙullutai da dama a huhuna, hagu da dama. Aka ɗebi ɗan tsoka da allura aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito, likita ya ce mini ciwon dajin ƙoda ne. Na ce, “Likita, ai ƙodar ba ta nan. Shekaru 11 ke nan da aka cire ta.” Ya bayyana mini cewa tun kafin a yi tiyata, waɗansu ƙananan ƙwayoyin ciwon sukan ɓalle su bi jini su sauka a wani wuri, ƙanana ƙwarai har babu na'urar da za ta gan su. Sukan kwanta shiru. A jikin mutane da yawa ba sa tashi har abada. A jikin waɗansu kuwa sukan farka bayan shekaru 5, ko 10, har ma fiye da 20, kuma ciwon dajin ƙoda ya yi suna a wannan hali. Huhu ne wurin da ya fi bayyana, amma yakan fito a ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa, ko a gurbin da aka cire ƙodar.

Ni ɗan manomi ne, saboda haka na gane nan take. Ka san ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, mai kashe dawa da gero. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yakan kwanta cikin ƙasa fiye da shekaru 10 bai mutu ba, yana jiran saiwar hatsi ta zo kusa. Manomi yakan tuge wanda ya gani, gona ta yi kyau, ya yi girbi mai albarka. Girbin nan na gaske ne, an ci an ƙoshi. Amma manomi mai hankali ba ya daina zagaya gonarsa.

Na tambayi likitan abin da kai ma za ka tambaya: da na ci gaba da zuwa, da an hana shi dawowa? Ya ce a'a, zuwa ba ya hana shi. Amma mai yiwuwa da an gan shi tun yana ƙulli ɗaya ƙarami, wanda a wani lokaci akan iya yanke shi mutum ya sāke samun shekaru masu yawa. Bai tsawata mini ba. Da ya tsawata, da ya fi mini sauƙi.

Makonnin da suka biyo baya ban iya yin addu'a mai tsawo ba. Abin da ya fi ciwon damuna shi ne shaidar da na bayar. Na yi ƙarya ne da sunan Allah? Ko kuwa Allah ya ba ni kyauta ya karɓe? Masu zuwa gaisuwa suka kawo nasu amsoshi. Wani ya ce aikin maƙiya ne. Wani ya ce in binciki kaina ko akwai zunubin da ban tuba ba. Wani dattijon ikkilisiya, mutum mai ƙaunata da gaske, ya ce, “Baba, a bar maganar nan a cikin gida. Idan raunana suka ji, bangaskiyarsu za ta girgiza.”

Cikin dare, barci ya ƙi zuwa, na koma ga labarin sarki Hezekiya. Na sha yin wa'azi a kansa, amma kullum nakan tsaya inda daɗin yake. Sarki ya yi ciwo har bakin mutuwa, annabi Ishaya ya ce masa ya kintsa gidansa, shi kuwa ya juya fuskarsa wajen bango ya yi kuka. Kafin annabin ya fita daga fāda, Allah ya komo da shi da albishir. A wannan dare na lura da abubuwa uku da na daɗe ina tsallakewa.

Na fari, Allah ya ƙayyade kyautar. Shekaru 15 ya ƙara masa. Warkarwar ta gaskiya ce, har inuwa ta koma baya taki 10 a matakalar Ahaz domin tabbatar da ita, amma tana da iyaka, Hezekiya kuwa ya san iyakar tun ranar farko. Na biyu, annabin da ya kawo maganar Allah shi ne kuma ya ce a kawo curin ɓaure a shafa a kan marurun. Alkawari da magani suka shiga ɗaki ɗaya, ba su yi faɗa ba. Na uku, 2 Tarihi sura 32 ta gaya mana cewa bayan warkewar, zuciyar sarki ta kumbura, bai sāka alherin da aka yi masa yadda ya kamata ba. Da jakadun Babila suka zo yi masa barka, ya zagaya da su yana nuna musu taskokinsa. A nan na ga fuskata. Ni ma na mai da warkewata taska, ina nuna wa baƙi, har ta zama abin da ake gabatar da ni da shi a taron fastoci.

Daga nan na bi sauran waɗanda aka warkar a cikin Littafi Mai Tsarki, ina tambaya ina suke yau. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, Yesu ya kira shi ya fito. Amma ya fito da jiki mai mutuwa, har Yahaya sura 12 ta ce manyan firistoci sun ƙulla su kashe shi. Wata rana an sāke naɗe shi da likkafani. Elisha, wanda ta wurinsa Na'aman ya tsarkaka daga kuturta, ciwo ne ya kwantar da shi har ya rasu, kamar yadda 2 Sarakuna sura 13 ta nuna. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, shi kansa kuma ya roƙi Ubangiji sau uku a kan ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ta ba. Ba wanda zai ce tashin Li'azaru ƙarya ne domin ya sāke mutuwa. Kowace warkarwa a wannan duniya ƙarin kwanaki ce, alama ce kuma mai nuna babbar warkarwa ta ranar tashin matattu, sa'ad da za a ba mu jikin da ba ya ruɓa.

Sai na gane inda kuskurena yake. Da na ce Allah ya warkar da ni, gaskiya na faɗa. Shekaru 11 ɗin nan ba mafarki ba ne. A cikinsu na aurar da 'yata ta fari, na ɗauki jikoki biyu a hannuna, na yi wa mutane da yawa baftisma, muka rufa majami'ar da muka fara. Amma da na ce ba zai komo ba har abada, na sa wa Allah magana a baki. Bai yi mini wannan alkawari ba. Ni na ƙara shi, domin ya fi daɗin ji, domin kuma Amin ta fi ƙarfi a kansa.

Wani abu kuma ya buɗe mini ido, daga littafin da yawancinmu muke gudu. A Littafin Firistoci sura 13, idan aka ga tabo a fatar mutum, firist yakan duba, ya keɓe shi kwana 7, ya sāke dubawa, ya ƙara waɗansu kwana 7. Har bayan an ce mutumin tsarkakakke ne, idan tabon ya yaɗu, doka ta ce ya koma wurin firist. Ashe komawa a sāke dubawa tsari ne da Allah da kansa ya kafa wa jama'arsa. Ubangijinmu ma, sa'ad da kutare 10 suka yi kira gare shi, ya aike su su nuna kansu ga firistoci. Wanda ya warkar bai ji tsoron a duba aikinsa ba. Idan aikin Allah ne, hoton likita ba zai rage shi ba. Ni ne mai jin tsoron dubawa, na kuwa laƙa wa Allah tsoron.

A makarantar tauhidi malaminmu na Ibrananci ya koya mana cewa kalmar ƙoda tana fitowa sau da yawa a Tsohon Alkawari, ko da yake fassarori da dama sukan sa zuciya ko tunani a madadinta. Ibraniyawa sun ɗauki ƙoda a matsayin wuri mafi ɓoyuwa a cikin mutum. A hadaya ta salama, ƙodoji da kitsensu rabon Ubangiji ne, akan ƙone su a kan bagade. A Zabura 139:13, abin da mai zabura ya ce Allah ya siffata a cikin mahaifiyarsa, a asalin harshen, ƙodojinsa ne. Irmiya 17:10 ta nuna Ubangiji a matsayin mai gwada ƙoda. Ayuba kuma, cikin zafin ransa, ya yi ƙarar cewa an huda ƙodojinsa ba tausayi. Ina ɗalibi na rubuta waɗannan domin jarrabawa. Yanzu su ne matashin kaina. A dukan shekarun da ƙwayoyin nan suke kwance a huhuna, ba na'urar da ta gan su, ni ma ban sani ba, amma ba su ɓoyu ga wanda ya yi ni ba. Ranar da muke rawa a sujadar godiya, ya sani, ya kuma karɓi godiyarmu. Ranar da likita ya buɗe takarda, ba labari ba ne a wurinsa. Ban san dalilin da ya sa ya bar su ba. Na dai san ban taɓa fita daga idonsa ba.

Ban bi shawarar dattijon nan ba, ko da yake na gode masa. Na tsaya ranar Lahadi na faɗa wa ikkilisiya kome: dawowar ciwon, da shekaru 5 da na yi ban je asibiti ba, da maganar da na ƙara a kan ta Allah. Na roƙe su gafara. Majami'a ta yi tsit.

Bayan sujada wata mace daga Zumuntar Mata ta jira har kowa ya watse, ta durƙusa ta ce, “Baba, ni ma an yi mini aiki a nono, an ce in riƙa komawa. Da na ji shaidarka na ga kai ba ka komawa, sai na ce ni ma bangaskiyata ba za ta gaza taka ba. Shekaru 3 ke nan ban je ba.” Ban taɓa jin nauyin aikin kiwo kamar ranar nan ba. Ban taɓa hawa bagade na ce kada a je asibiti ba, amma tumaki suna kallon ƙafar makiyayi fiye da yadda suke jin muryarsa. A makon nan uwargidana ta raka ta. Da na yi shiru domin kāre raunana, da ita ce za ta biya kuɗin shiruna.

Yanzu ina shan magani kowace rana. Irin ruwan maganin da akan ɗura wa masu waɗansu cututtukan daji ba ya cika aiki a kan na ƙoda. Amma tun wajen 2006 aka sami ƙwayoyin sha masu hana ciwon shimfiɗa sababbin jijiyoyin jinin da yake ci da su, daga baya kuma aka sami allurai masu tā da garkuwar jiki ta yaƙe shi. Waɗannan ma alherin Allah ne ta hannun mutane. Suna da tsada ƙwarai, da ba domin 'yan'uwa ba da ban iya ba. Suna kuma da nasu wahala: jinina yakan hau, tafin ƙafata yakan yi zafi har wata Lahadi nakan yi wa'azi a zaune, gashina ya yi fari fat. Likita bai yi mini alkawarin warkewa ba. Ya ce za mu riƙe ciwon muddin ya riƙu. Hoton da aka ɗauka na baya ya nuna ƙullutan sun ɗan ragu. Na gode wa Allah, na kuma rubuta ranar komawa a bangon ɗakina. Ina roƙon warkarwa kowace safiya ba tare da kunya ba, gama Ubangiji yana da iko. Na kuma kintsa gidana, na nuna wa uwargida da babban ɗana inda takardu suke. Yin ɗaya bai hana ni yin ɗayan ba.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ga roƙona. Idan an taɓa yi maka aiki saboda ciwon daji, aka ba ka kati, nemo shi yau. Ko shekaru nawa suka wuce, ko kana jin ƙarfi kamar doki, koma ka tambayi likitanka yadda ya kamata a ci gaba da duba ka. Idan ka ga jini a fitsari ko sau ɗaya ne, ko tari ya ƙi ƙarewa, ko ƙashi yana maka ciwo a wuri ɗaya, ko kana ramewa ba dalili, kada ka jira. Ka kuma gaya wa duk likitan da ka gani cewa an taɓa cire maka ƙari, ko da tsohon labari ne. Idan kuɗin mota ne ya hana ka, faɗa wa dattawan ikkilisiya, domin irin wannan ake tara baiko. Ku kuma 'yan'uwana masu hidima, mu bar wa mutane wuri su ba da shaida iri biyu: ta wanda aka warkar, da ta wanda ake riƙe da shi a tsakiyar ciwo. Idan ciwon wani ya dawo, kada mu je masa da tambayoyin abokan Ayuba. Mu je da abinci, da addu'a, da kuɗin hoto.

Idan kuwa kai ne wanda nasa ya dawo, kada ka bar Shaiɗan ya sace maka shekarun da suka wuce. Godiyar da ka yi ba ta ɓaci ba. Wanda ya ba ka waɗancan shekaru yana nan tare da kai a bencin jira.

Mu yi addu'a.

Ya Ubangiji Allah, Ubanmu, kai da ka san abin da ke ɓoye cikin jikinmu da zuciyarmu, mun gode maka domin kowace rana da ka ƙara mana. Ka gafarta mana inda muka faɗi abin da ba ka faɗa ba, da inda muka kira tsoronmu bangaskiya. Ka ba marasa lafiya ƙarfin zuciya su koma a duba su. Ka ba likitoci da masu jinya hikima, ka sa wa magani albarka, ka buɗe hannuwan ikkilisiyarka ga waɗanda ba su da hali. Ka warkar da mu bisa ga jinƙanka, ka kuma riƙe mu da aminci har ranar da za ka tā da mu da jiki marar ciwo. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.